Hannu da Inji: Tarihin Zanen Hotuna Cikin Littattafan Yara

Al'ada ce ga masu buga littattafan yara a Amurka da Ingila su ware ɗan wuri a farkon littafi ko ƙarshensa, su rubuta da ƙananan baƙaƙe irin kayan da aka yi hotunan da su. A littafin Dan Santat mai suna The Adventures of Beekle, wanda cikin 2015 ya sami lambar Caldecott, watau lambar yabo mafi girma da a ke ba masu zanen littattafan yara a Amurka, kaya biyar aka lissafa: fensir, da alli mai maiƙo, da fentin ruwa, da tawada, da Adobe Photoshop. Huɗun farko ko wane malamin zane ya san su tun yana ɗalibi. Na biyar kuwa manhaja ce ta kwamfuta. An jera su wuri ɗaya, ba a fifita wani bisa wani ba.

Irin wannan jeri ya kan ba wasu malamai mamaki, don sun ɗauka aikin hannu dabam, aikin kwamfuta dabam, sai dai mutum ya kama ɗaya ya saki ɗaya. Daga nan ne gardama ta kan taso wajen horon malamai: wani ya ce koya wa ɗalibai riƙon fensir da burushi ɓata lokaci ne, wani ya ce kwamfuta ce za ta kashe sana'ar. Tarihi yana da abin cewa a nan. Tun ran da aka fara buga hoto cikin littafin yaro, akwai wani aiki tsakanin takardar mai zane da shafin da yaro ya ke buɗewa, watau aikin mai da zane guda ya zama abin da inji zai buga sau dubu. Cikin shekara 350 da 'yan kai, wannan aiki na tsakani ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu, kuma wanda ya bi sawunsa zai gane inda kwamfuta ta shigo da abin da ta kawo.

Zamanin katako

Littafin da masana suka fi ambata a matsayin na farko cikin littattafan yara masu hotuna shi ne Orbis Sensualium Pictus, na wani malami mai suna Comenius. An buga shi a birnin Nuremberg na ƙasar Jamus cikin 1658, da Latin da Jamusanci. Babi 150 gare shi, ko wanne da hotonsa. An sa lambobi jikin abubuwan da ke cikin hoton, an kuma sa lambobin nan kusa da sunayensu cikin rubutu, don yaro ya ga abu kana ya koyi sunansa. Ra'ayin Comenius bai wuce abin da Hausawa ke faɗi ba, gani ya kori ji. Hotunan kuwa jikin katako aka sassaƙa su. A kan zana siffa bisa katakon, a sassaƙe duk inda a ke so ya fito fari, a bar layukan tsaye, a shafa musu tawada, a danna takarda.

A ƙarshen ƙarni na 18 wani mutumin Newcastle a Ingila, Thomas Bewick, wanda ya rayu daga 1753 zuwa 1828, ya kyautata wannan sana'a. Maimakon ya yi sassaƙa bisa tsawon icce, sai ya yanka icce mai tauri a gicciye, ya yi aiki bisa fuskar da aka yanka, da ɗan ƙarfe mai tsini. Da haka ya sami layuka sirara ƙwarai, har ya iya nuna gashin tsuntsu ɗaya-ɗaya. Bewick shi ke zane, shi ke sassaƙa. Amma da ciniki ya yawaita cikin ƙarni na 19 sai aikin ya rabu biyu, mai zane da nasa, masassaƙi da nasa.

Misalin wannan rabuwa shi ne hotuna 42 da John Tenniel ya yi wa littafin Alice's Adventures in Wonderland cikin 1865. Tenniel ya zana da fensir bisa katako, 'yan'uwan nan da a ke kira Dalziel suka sassaƙa a ma'aikatarsu ta Landan. Duk layin da yaro ya gani a shafi, ƙarfen masassaƙi ne ya fid da shi, zanen da ke bisa katakon kuwa ya tafi tare da sassaƙe. Da aka yi bugun farko na kofe 2,000, Tenniel ya ga hotunan ba su fita sosai ba, ya ƙi yarda, marubucin Lewis Carroll ya janye bugun aka sake wani. Iyakar ikon mai zane ke nan a wancan zamani: yana iya ƙin aikin, amma ba hannunsa ke yinsa ba.

Shigowar launi

Wanda ya kai ɗab'in launi da katako matuƙa shi ne Edmund Evans, mai maɗaba'a a Landan, wanda ya rayu daga 1826 zuwa 1905. A hanyarsa ko wane launi da katakonsa. Takarda guda ta kan bi ta cikin inji sau da yawa, in kuwa katako ɗaya ya goce ko da kaurin gashi ne, sai a ga ja ya tsallake layi. Evans ya nemo masu zane uku, Walter Crane da Randolph Caldecott da Kate Greenaway, suka yi aiki tare. Caldecott ya yi masa littattafai 16, biyu ko wace shekara daga 1878 zuwa 1885, ana sayad da ko wanne sule guda. Su ukun nan sun koyi yin zane daidai da abin da katakon Evans zai ɗauka, watau layi bayyananne da launi shimfiɗaɗɗe. Lambar Caldecott da aka fara bayarwa a Amurka cikin 1938, da lambar Kate Greenaway da aka kafa a Ingila cikin 1955, sunayen masu zane suka ɗauka, ko da ya ke hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kafin ƙarni na 19 ya ƙare, kyamara ta fara karɓe aikin masassaƙi. Sai a ɗauki hoton zane sau uku ta cikin gilasai masu launi dabam-dabam, ko wane ɗauka ya ba da faranti guda, launin kuma a farfasa shi ƙananan ɗigo waɗanda ido ke haɗawa. Ta wannan hanya kamfanin Frederick Warne ya buga The Tale of Peter Rabbit na Beatrix Potter cikin 1902, kofe 8,000 a bugun farko. Fentin ruwanta ya fito da taushinsa, kuma ainihin zanen ya tsira, tun da ba a sassaƙe shi ba. Amfanin wannan ya bayyana cikin 1987, sa'ad da kamfanin ya ga hotunan sun dushe sabo da yawan bugu, ya koma ga ainihin takardun Potter ya sake ɗaukarsu.

Zamanin fallaye

Raba launi da kyamara abu ne mai tsada. Sabo da haka, daga shekarun 1930 har cikin shekarun 1970, kamfanoni da yawa suka ɗora wa mai zane wannan aiki. A Ingila, jerin Puffin Picture Books da Noel Carrington ya fara cikin 1940, masu zanensa kai tsaye su ke zane bisa farantin tutiya, ko wane launi da farantinsa, shi ya sa aka iya sayad da littafi sisi. A Amurka, Ingri da mijinta Edgar d'Aulaire bisa dutse su ke zane, da haka suka yi littafin Abraham Lincoln da ya ci lambar Caldecott cikin 1940. Amma dutse yana da nauyi, faranti kuma ba ya jurin kuskure. Hanyar da ta fi yaɗuwa daga baya ita ce ta fallayen roba garai-garai, waɗanda a ke ganin abin da ke ƙarƙashinsu.

Ya kamata a bayyana wannan hanya filla-filla, don ita ce uwar abin da ya biyo baya. Mai zane ya kan fara da layin baƙi bisa takarda. Sa'an nan ya ɗora falle na farko, ya cike duk inda ya ke son ja. Ya ɗora na biyu don rawaya, na uku don shuɗi. A kusurwoyi akwai 'yan alamu da su ke sa fallayen su hau juna daidai. Duk aikin nan da baƙi da toka-toka ya ke yinsa, launi kuwa yana cikin kansa. In yana son kore, sai ya lissafa yawan rawaya da yawan shuɗi da za su hau juna, ba kuwa zai ga ko lissafin ya yi daidai ba sai bugun gwaji ya zo daga maɗaba'a. Ko wane ƙarin launi ƙarin kuɗi ne. The Cat in the Hat na Dr. Seuss, wanda ya fito cikin 1957, baƙi ne da ja da shuɗi, shi ke nan. Wannan lissafin kuɗi ya taɓa Arewacin Nijeriya ma. Littattafan karatu na makarantun elementare da na yaƙi da jahilci da suka fito daga Zariya, inda aka kafa Kamfanin Gaskiya cikin 1945, yawancin hotunansu zanen layi ne baƙi bisa fari.

Almakashi da gam

Cikin shekarun 1960 wata hanya ta yi suna, ta yanka takardu a liƙa su. Ezra Jack Keats ya yi The Snowy Day cikin 1962, labarin wani ɗan yaro baƙar fata a birni ran da dusar ƙanƙara ta sauka, ya kuwa ci lambar Caldecott cikin 1963. Keats ya yanka takardu masu launi da ƙyallaye, ya sassaƙa robar goge fensir ta zama hatimi, ya kuma yayyafa tawada da burushin goge haƙori. Eric Carle shi kuma ya kan fente takarda mai shara-shara ya ajiye launi-launi, in ya tashi aiki ya yanko siffofi daga ciki. Da haka ya yi The Very Hungry Caterpillar cikin 1969, wanda sai a Japan aka fara buga shi sabo da hujojin da ke jikin shafukansa. Abin lura ga mutanen nan biyu shi ne sun raba aikinsu kashi biyu: da fari su tanadi kaya masu launi da kaushi iri-iri, daga baya su harhaɗa.

A wannan lokaci ne kuma kamfanoni irin su Hell a Jamus da Crosfield a Ingila su ke ƙera injunan raba launi na lantarki. A kan naɗa zane jikin wata ganga mai juyawa, haske ya bi shi layi-layi, inji ya fid da faranti huɗu. Da injunan nan suka yi araha, kafin ƙarshen shekarun 1980 raba launi da hannu ya kusa ɓacewa. Mai zane ya huta, ya sami damar yin aiki da duk launin da ya ga dama. Amma aikin tsakani ya sake fita daga hannunsa, ya koma hannun ma'aikacin inji.

Kwamfuta

Kwamfutar Macintosh ta fito cikin 1984 tare da manhajar zane mai suna MacPaint, wadda baƙi da fari kaɗai ta sani. Cikin shekarun nan ne kamfanin Wacom na Japan ya ƙera allo da alƙalami mai jin nauyin hannu. Photoshop, aikin 'yan'uwa biyu Thomas da John Knoll, ta shiga kasuwa cikin 1990. Cikin 1994 aka ƙara mata dabarar aza hoto bisa hoto, ko wanne zaman kansa, ana iya ɗaga shi ko a sake masa launi ba tare da an taɓa na ƙasa ba. Duk wanda ya taɓa raba launi da roba, da ganin wannan ya san fallayensa ne suka komo. Bambancin shi ne yanzu yana ganin launin nan take.

Cikin littattafan farko da aka zana gaba ɗaya da kwamfuta a kan ambaci Mr. Lunch Takes a Plane Ride na J. Otto Seibold, na 1993. Irin wannan zane sumul ya ke, launinsa bai ɗaya, ba kaushin takarda, ba sawun burushi. Ga Seibold wannan salo ne da ya zaɓa, ya kuwa karɓe shi. Amma a hannun masu zane da yawa hoton ya kan fito kamar abin roba. Don haka suka koma ga tawada da fenti su samo abin da inji ya rasa, suka bar wa kwamfuta harhaɗawa. Lauren Child ta Ingila ta haɗa zanen fensir da ƙyallaye da hotunan kyamara cikin I Will Not Ever Never Eat a Tomato, wanda ya ci lambar Kate Greenaway ta shekarar 2000. Jon Klassen, mutumin Kanada, ya kan yi siffofi da tawadar Sin bisa takarda, ya shigad da su kwamfuta, can ya jera su ya ba su launi. Littafinsa This Is Not My Hat na 2012 ya ci lambar Caldecott cikin 2013 da ta Greenaway cikin 2014, shi ne kuwa littafi na farko da ya haɗa su biyu.

Tsarin aikin bai yi nisa da na Keats da Carle ba. Mai zane ya kan tsara shafukan, waɗanda galibi 32 ne, da fensir. Sa'an nan ya zana mutum dabam, icce dabam, ya kuma fente takardu don kaushi kawai. Ya ɗauki ko wanne da sikana, aƙalla ɗigo 300 cikin inci guda, ya aza su falle-falle. Sikana ta tsaya a matsayin kyamara, manhaja ta tsaya a matsayin almakashi da gam. Akwai dai sauran wahala guda da ba ta gushe ba. Launin fuskar kwamfuta haske ne, ja da kore da shuɗi, na takarda kuwa tawada ce iri huɗu, kuma wasu launuka masu ƙyalli a kwamfuta su kan mutu bisa takarda. Har yanzu mai zane sai ya jira bugun gwaji, kamar yadda Tenniel ya jira.

Ribar wannan hanya a fili ta ke. Aikin da dā ke hannun Dalziel da Evans da ma'aikacin ganga ya zo teburin mai zane. In edita ya ce a matsad da yaro gefe don rubutu ya sami wuri, falle guda za a taɓa. Hasara kuma akwai ta. Sau da yawa babu wata takarda guda da za a nuna a ce ga ainihin hoton, sai gutsattsari cikin akwati da fayil cikin na'ura, fayil kuwa ya kan ɓace ko manhajar da ke buɗe shi ta shuɗe. Har wa yau, wanda ke iya gyara kome ba iyaka ya kan goge har tsautsayin da ke ba zane rai, kamar inda fentin ruwa ya malala ya bushe da baki-baki.

Daga 2022 aka sami manhajoji irin su Midjourney masu fid da hoto daga kalmomin da aka rubuta musu. Waɗannan ba su cikin jerin da aka bi a sama, gama katako da kyamara da sikana duk aikin tsakani su ke yi, su kuwa waɗannan aikin farko su ke neman ɗauka, watau na gani da zaɓe da zanawa. Cikin Fabrairu 2023 ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya yanke cewa hotunan wani littafi da aka yi da Midjourney ba su da kariyar haƙƙin mallaka, ko da ya ke rubutun da tsarin littafin suna da ita.

Abin da ya shafi littattafan Hausa

Falle guda ya rage wanda ba a ambata ba, shi ne na rubutu. Tun kafin kwamfuta, masu buga littattafai na ƙasashe dabam-dabam su kan haɗu, musamman a kasuwar littattafan yara ta Bologna a Italiya, wadda aka fara cikin 1964, su buga hotunan littafi guda tare, ko wace ƙasa a sake mata farantin rubutu kawai. Intanet ta sauƙaƙa wannan ƙwarai. African Storybook, shirin ƙungiyar Saide ta Afirka ta Kudu wanda ya hau intanet cikin 2014, da StoryWeaver na Pratham Books ta Indiya wanda aka buɗe cikin 2015, duka biyu suna barin malami ya ɗauki littafi ya fassara rubutun ya bar hotunan, kuma duka biyu akwai littattafan Hausa a cikinsu.

Wannan alheri ne babba ga makarantar da ba ta da abin karantawa. Amma fassara ba ta taɓa hoto. Yaro a Kano ko Damagaram zai karanta Hausa, alhali gida da tufafi da tukunyar da ke gabansa na wata ƙasa ne. Ganin wata ƙasa ilmi ne, ba laifi. Sai dai in duk littattafansa haka su ke, dabarar Comenius ta rushe, don sunan da ya ke koyo bai hau bisa abin da ya sani ba. Maganin wannan masu zane ne na gida, kayan aikinsu kuwa suna nan. Zayyanar allon sauka, da shuɗin da ke fita daga karofin Ƙofar Mata, da zanen bangon gidajen Zariya, da aikin dukawa, da ɗinkin aska takwas, duk abubuwa ne da sikana ke iya ɗauka, ko a yi koyi da su da tawada bisa takarda, kamar yadda Lauren Child ta yi da ƙyallayen ƙasarsu.

Ga kwalejojin horon malamai, tarihin nan ya nuna tsarin koyarwa da kansa. Da fari ɗalibi ya koyi duban abu ya zana shi da fensir, gama babu injin da aka ambata a sama, daga katako har sikana, da ya ɗauke wa mai zane wannan. Na biyu ya yi yanka da liƙi, ya san yadda a ke tara kaya kafin a harhaɗa. Na uku ya raba launin hoto guda da hannunsa bisa fallaye uku, ko da na takardar kwafi ne mai shara-shara, ya lissafa korensa daga rawaya da shuɗi. Ɗalibin da ya bi matakan nan uku, ran da ya zauna gaban kwamfuta zai tarad da abin da ya riga ya sani, sai koyon inda maɓallai su ke. Kayan matakan nan kuwa fensir ne da tawada da almakashi da ƙaro, waɗanda ko wace kwaleji ke iya samu tun kafin ta mallaki sikana guda.